Haɗin Maganin Ciwon Jiki: Me Ke Cikin Ƙullin?

Da yamma idan lebura ya tashi daga aiki gaɓoɓinsa na tsami, kemis yake nufa. Zai miƙa kuɗi ya ce, "Malam, a haɗa min na ciwon jiki." Mai shago ya ɓalle ƙwayoyi huɗu ko biyar daga katinansu, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar leda. Mai saye ya watsa su gaba ɗaya ya kora da ruwa, bai san sunan ko ɗaya ba. Rashin sanin sunan nan shi ne babban haɗarin. Akwai magungunan kashe zafi da za a iya haɗawa lafiya lau, amma mutane da yawa abu ɗaya suke sha sau biyu, an canza masa launi da kwali.

Magungunan nan gida biyu ne. Parasitamol yana nasa gidan shi kaɗai. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da Feldene kuwa dangi ɗaya ne. A 1971 masanin Ingila John Vane ya gano cewa asfirin yana hana jiki samar da sinadaran furostagilandin masu tayar da kumburi da raɗaɗi, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1982. Sai dai waɗannan sinadaran su ne kuma ke sa ciki fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin narka abinci, su ne ke buɗe jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini. Wanda ya haɗa ibufurofen da dikulofenak ƙofa ɗaya ya sa wa kwaɗo biyu: sauƙin da zai samu ba ya ninkuwa, amma barazanar gyambon ciki, zubar jini da lalacewar ƙoda tana ƙaruwa. Haka wanda ya kaɗa garin Alabukun, wanda asfirin ne da kafeyin, bayan ya sha Feldene. Abin ya fi muni a lokacin bazara ko azumi, sa'ad da gumi ya ƙarar da ruwan jiki, domin a irin wannan hali ƙoda ta fi dogara da sinadaran da aka toshe. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, yana cikin haɗari na musamman. Mai juna biyu ma haka: a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi mata su guje wa wannan dangi daga mako na 20 na ciki. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa ba a ba shi asfirin sai da umarnin likita.

Wani zai ce ai likitoci ma suna haɗawa. Gaskiya ne, kuma haɗin nasu yana da hujja. Parasitamol da ibufurofen hanyoyinsu daban ne, kuma gwaje-gwaje a kan waɗanda aka cire wa haƙori sun nuna biyun tare sun fi kowanne shi kaɗai rage zafi. A 2020 Amurka ta amince a sayar da su a ƙwaya ɗaya, Advil Dual Action, ba sai da takardar likita ba. Amma likita ɗaya yake ɗauka daga kowane gida, ya lissafa awo, ya tambayi ko kana da olsa ko ciwon ƙoda, ya ƙayyade kwanaki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙullin leda.

Parasitamol shi ne wanda aka fi rainawa, shi ya sa ya fi yaudara. Iyakar baligi mai lafiya giram 4 ce a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, biyu a lokaci guda, da tazarar awa huɗu aƙalla. Ramamme, mai shan giya da mai ciwon hanta, ciwon da ba baƙo ba ne a ƙasarmu, iyakarsu ba ta kai haka ba. To ga mai zazzaɓi da mura: yana shan Panadol biyu sau huɗu, ya cika iyaka ke nan. Ya ƙara Procold saboda majina, bai san akwai parasitamol a ciki ba. Duk lokacin da hanta ta sarrafa parasitamol takan fitar da ɗan guba, ta kuma kashe shi da wani sinadari da take da shi a ajiye. Idan ajiyar ta ƙare, gubar kan koma kan hantar kanta.

Masu cewa sun yi shekaru suna shan haɗi ba abin da ya same su, ina jin tsoron kwanciyar hankalinsu. Ƙoda takan yi asarar kaso mai yawa na ƙarfinta kafin ta nuna alama, gyambon da irin waɗannan ƙwayoyi ke jawowa kuma sau da yawa ba ya ciwo sai an ga baƙin bayan gida ko aman jini. Hujjar masu shan haɗi da ta fi nauyi ita ce ta talauci: asibiti da nisa, kuɗin kati da layi, kemis kuma yana bakin titi. Ban ga laifin mai neman sauƙi kusa da gida ba. Amma katin parasitamol mai suna a jiki ba shi da tsada, wankin ƙoda kuwa yakan cinye gona da gida. Tun 1998 Birtaniya ta taƙaita kwalin parasitamol zuwa ƙwaya 16 a kantuna, 32 a shagon magani. Mu abin da ya kamata NAFDAC da hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi su fara da shi ya fi wannan sauƙi: a hana raba ƙwaya da katinta.

Mai karatu, idan ka gane kai ko wani naka ya wuce iyakar parasitamol, ku tafi asibiti nan take ko da babu abin da ke ciwo, ku riƙe kwalayen. Ciwon shawara da na hanta sai bayan kwana biyu ko uku suke bayyana, makarin gubar kuma ya fi aiki a cikin awa 8 na farko.