Kimiyyar Hawan Babur: Taya, Kwana da Hular Kwano

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu zai iske unguwannin da masana'antu suka raya, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa, sannan Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a shekarar 1957, a nan ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yayin da masaƙun suka yi ta durƙushewa, dubban magidanta da matasa sun koma neman abinci a kan babur. A shekarar 2014 gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta sana'ar acaɓa a cikin birnin, amma wannan bai raba jama'a da babur ba, domin shi ne abin hawan malamin makaranta da ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci. Sau da yawa kuma shi ne inji na farko da ɗalibin sakandare kan fara sarrafawa.

Akasarin mahaya a hannun wa ko aboki suka koya, a wani fili bayan gari, cikin yini biyu ko uku. Abin da ake nuna musu bai wuce yadda ake tayar da babur da sa giya da taka birki ba. A wasu ƙasashe akwai makarantu na musamman da ke koyar da hawan babur a filin tsere. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce California Superbike School, wadda Keith Code ya kafa a Amurka a 1980. Darussan irin waɗannan makarantu sun ginu ne a kan dokokin kimiyyar Fiziks da ake koyarwa a ajin sakandare, kuma dokokin nan ba su bambanta filin tsere da hanyar Kachia ba.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 1981 wani masani mai suna Harry Hurt, na wata jami'a a Kudancin Kalifoniya, ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Sun gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mahayan da abin ya shafa ba su taɓa samun horo ba, ko dai sun koya da kansu ko kuma a wurin 'yan uwa da abokai. Haka kuma a haɗurran da babur ya faɗi shi kaɗai, ba tare da wata mota ta buge shi ba, kusan kashi biyu cikin uku kuskuren mahayi ne ya jawo su. Kurakuran da suka fi yawa su ne danne birki fiye da kima har taya ta zame, da shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin kwanar. Ke nan abubuwa biyu ne ya kamata mahayi ya fara fahimta, wato taya da kwana.

Taya da gogayya

Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ne ya yi wa keken ɗansa tayar iska a birnin Belfast, ya kuma yi mata rajista a 1888. Tun daga lokacin aikin taya bai sauya ba: ta ɗauki nauyi, ta rage gargada, ta kuma riƙe ƙasa. Ɓangaren tayar babur da ke taɓa kwalta bai kai faɗin tafin hannu ba. Ta waɗannan 'yan wurare biyu, na gaba da na baya, ake tashi, ake tsayawa, ake kuma shan kwana.

Ƙarfin da ke riƙe taya a ƙasa shi ne gogayya. Masana kan auna shi da wani adadi da ke nuna kashi nawa na nauyin abin hawa gogayyar za ta iya riƙewa kafin a zame. A busasshiyar kwalta adadin yakan kai misalin 0.7 zuwa 0.8. Idan kwalta ta jiƙe yakan sauko zuwa wajen 0.4 ko 0.5, idan kuwa akwai yashi ko tsakuwa yakan yi ƙasa da haka. Wannan ya sa kowane yanayi na Kaduna yake da nasa tarkon. Da hunturu, ƙura da yashi na taruwa a gefen titi, daidai inda babura suka fi bi. A ruwan farko na damina, wajen watan Afrilu, bakin mai da man gas da manyan motoci suka ɗiɗɗiga tsawon rani sukan taso saman ruwa, titi ya koma kamar an zuba masa kuɓewa. Bayan ruwa ya ɗauke kuma, laka da yashin da ya kwaso daga lunguna su kwanta a mahaɗar hanyoyi.

Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne. Shi ke kore ruwa gefe domin roba ta taɓa kwalta. Tayar da ta suɗe ba ta da inda za ta kai ruwan, saboda haka sai ta hau kansa. Masu ƙera taya kan sa 'yan tudu a cikin zanen, idan roba ta ci har ta yi daidai da su, to lokacin canji ya yi. Bugu da ƙari, roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba, ta bushe ta tsattsage. A gefen tayoyi da yawa akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar ƙira: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayen tayar gwanjo ya duba wannan lamba kafin ya yi ciniki.

Sai batun iska. Yawancin masu babur kan bar wa mai faci ya ƙwanƙwasa taya ko ya matsa ta da yatsa. Abin da ya dace shi ne a auna da geji, a bi adadin da kamfanin babur ya rubuta a littafinsa ko a jikin babur ɗin. A kuma auna kafin a fara tafiya, domin iskar da ke cikin taya takan ƙara matsi idan ta ɗau zafi, kamar yadda dokar iskar gas ta nuna. Idan iska ta yi ƙaranci, taya za ta riƙa lanƙwashewa tana zafi, kan babur ya yi nauyi. Idan ta yi yawa, wurin da ke taɓa ƙasa zai ƙanƙance, babur ya riƙa tsalle a gargada.

Dalilin karkata a kwana

Dokar Newton ta farko ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da miƙewa sai in wani ƙarfi ya karkatar da shi. A kwana, gogayyar taya ce ke jan babur zuwa cikin da'irar. Amma da yake a ƙasa take ja, nauyin babur da na mahayi kuwa yana sama, da babur zai tsaya a miƙe sai ya kife ta wajen kwanar. Don haka dole ya karkata ciki, gwargwadon gudunsa da tsananin kwanar.

Ɗalibi zai iya lissafa wannan karkata da kansa. A ɗauki gudun babur a mita cikin daƙiƙa, a ninka shi da kansa, a raba da nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar kwanar da inda babur yake bi, a sake rabawa da 9.8. Amsar ita ce tanjan ɗin kusurwar karkatar. A ɗauka wannan nisa mita 20 ne, kamar na wani shataletale. Mai gudun kilomita 18 cikin awa, wato mita 5 a daƙiƙa, zai karkata da digiri 7. Mai gudun kilomita 36 zai karkata da digiri 27. Mai gudun kilomita 54 kuwa yana bukatar digiri 49, abin da tayar ƙaramin babur ba za ta iya riƙewa ba. Lissafin ya nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, gogayyar da ake bukata takan ninka sau huɗu.

Daga wannan lissafi za a iya gano iyakar gudun da kwanar za ta ɗauka. Idan adadin gogayya 0.8 ne, iyakar ita ce kimanin kilomita 45 cikin awa. Idan ruwa ya mayar da shi 0.4, iyakar ta koma 32. Idan yashi ya mayar da shi 0.3, ba ta wuce 28 ba. Kwanar da mutum ya saba sha kullum lafiya lau tana iya kayar da shi ranar da aka yi yayyafi, alhali bai ƙara gudu ba. Masu tseren MotoGP kan karkata fiye da digiri 60, amma suna yin haka ne a kan tayoyi na musamman masu taushi da aka ɗumama, a titin da aka share, babu mota mai tahowa, babu mai tsallaka hanya. Wanda ya kwaikwaye su a titin Barnawa ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Yadda ake shan kwana

Darasin da ya fi ba sababbin ɗalibai mamaki a makarantun hawa shi ne yadda babur ke fara karkata. Idan ana cikin gudu aka so a yi dama, hannun dama ake ɗan turawa gaba. Wannan zai sa tayar gaba ta ɗan kauce hagu na ɗan lokaci, ƙasan babur ya fice daga ƙarƙashin nauyin da ke samansa, sai babur ya kwanta dama ya shiga kwanar. Duk mai hawan keke yana yin haka ba tare da ya sani ba. Amfanin sanin shi ne a lokacin gaggawa, sa'ad da yaro ko akuya ta faɗo titi, wanda ya san dabarar zai kauce cikin ƙiftawar ido.

Darasi na biyu shi ne gogayya tana da iyaka, kuma birki da kwana daga tukunya ɗaya suke ci. Ka'idar Pythagoras ce ke raba musu. Idan kwana ta cinye kashi 80 cikin 100 na gogayyar, abin da ya rage wa birki kashi 60 ne na ƙarfinsa. Idan ta cinye duka, ko taɓa birki aka yi sai an zame. Saboda haka malaman hawa kan ce a rage gudu a kuma sauko da giya tun babur yana miƙe, a shiga kwana a hankali, a riƙe totur daidai, sannan a ƙara mai sannu a hankali idan an hango mafita.

Darasi na uku ya shafi ido. Babur kan bi inda mahayi yake kallo. Wanda ya zuba wa rami ko kwata ido, cikinsa zai faɗa. Ana so mahayi ya juya kansa ya dubi inda yake son fita. Kada ya sauke ƙafa yana jan ta a ƙasa, wanda aka goya kuma ya bi jikin mai tuƙi, ya daina ƙoƙarin miƙewa zaune idan babur ya karkata.

Game da birki, mahaya da yawa na tsoron na gaba, suna dogara da na ƙafa kawai. Alhali idan aka ja birki nauyi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Dabarar ita ce a haɗa biyun, a matsa na hannu sannu sannu ana ƙarawa, ba a fizge shi ba. A busasshiyar kwalta, ƙwararren mahayi mai gudun kilomita 30 yana bukatar kimanin mita 5 ya tsaya, mai gudun 60 kuwa mita 20. Wannan ban da tazarar da ake ci kafin hannu ya kai ga birki, domin a gudun kilomita 60 babur na cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa.

Hular kwano da sauran sutura

Kan mahayi yana da nisan kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ko babur a tsaye yake, kan da ya faɗo daga wannan nisa zai bugi kwalta da gudun kimanin kilomita 20 cikin awa. Abin da ke lahanta ƙwaƙwalwa shi ne tsayawa farat ɗaya. Hular kwano ta gaske tana da ƙoƙo mai tauri a waje wanda ke baza ƙarfin bugun, da kuma wani farin soso mai kauri a ciki wanda ke murƙushewa, ya tsawaita lokacin tsayawar, ƙarfin da ke isa ga ƙwaƙwalwa ya ragu. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2008 ya nuna cewa hular na rage haɗarin raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100, na mutuwa kuma da kashi 42.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. A lokacin an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko robar fenti a kai don su tsere wa jami'ai. Ƙwarya da hular leburorin gini ba su da wannan soso na ciki, saboda haka ba su hana komai. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan fice kafin kai ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma a canja ta, domin sosonta ya riga ya gama aikinsa ko da ba a ga tsaga ba.

Mutum idan zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, don haka safar hannu ta fata tana da amfani. Takalmi sau ciki mai rufe idon sawu ya fi silifa nesa ba kusa ba. Babbar riga da dogon mayafi da zane kan shiga cikin sarƙa ko tayar baya, sai a tattare su kafin a hau. Tufafi masu haske da fitila mai aiki suna sa direban mota ya hango babur da wuri, musamman cikin hazon hunturu.

Kammalawa

Malamin kimiyya zai iya kawo wannan darasi filin makaranta ba tare da kashe kuɗi ba. A zana da'ira da toka, a auna faɗinta, ɗalibi ya zagaya ta da keke a hankali, wasu su riƙe agogo, a lissafa gudunsa da karkatarsa. A kuma ɗaura gutsuren tsohuwar taya a ƙasan bulo, a ja shi da ma'aunin sifirin a busasshen siminti, sannan a jiƙaƙƙe, sannan a wanda aka barbaɗa wa yashi, a kwatanta adadin da aka samu. Ɗalibin da ya ga da idonsa yadda yashi ke rage riƙon roba ba zai bukaci a yi masa dogon wa'azi ba ranar da ya karɓi makullin babur. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.