Bindigar Iska da Farautar Ƙananan Namun Daji

Da yawa daga cikinmu da danƙo muka fara koyon harbi, muna bin kurciya da hasbiya a bayan gari lokacin hutu. Mun kuma san adakar mafarauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tsakanin danƙo da adaka akwai wata bindiga wadda ba ta cin albarushi ko kaɗan, wato bindigar iska. A wannan rubutu za mu duba yadda take aiki, da ire-irenta, da girman harsashinta, don mu ga wacce ta dace da farautar ƙananan dabbobi kamar zomo, kurege, gafiya da tsuntsaye. Za mu ɗauki yawancin misalanmu daga Ingila, inda aka daɗe ana harbin zomo da ita a gonaki.

Yadda take aiki

Bindigar iska tana tura harsashi ne da iskar da aka matse. Idan aka ja kunama, iskar ta kuɓuce ta bi bututu, ta ingiza ɗan harsashin dalma waje. Ba sabon abu ba ce. Tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe bindigar iska ƙirar Girardoni, mai ɗaukar harsashi kusan 20 a lokaci guda. Lewis da Clark ma sun tafi da bindigar iska a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806. A yau kuwa an fi amfani da ita wajen wasan harbi, da farautar ƙananan dabbobi, da rage ɓeraye a rumbuna da gidajen kaji.

Ire-irenta guda huɗu

Ta farko ita ce mai sifirin. Mutum yakan karya bututun ƙasa, sifirin ya matsu, ya sa harsashi ɗaya, ya mayar da bututun. Da an ja kunama sai sifirin ya cilla fistin gaba, ya matse iskar. Ba ta bukatar famfo ko gas, ga ta da ƙarko da sauƙin kuɗi, shi ya sa kamfanoni irin su BSA a Ingila, Weihrauch da Diana a Jamus, da Gamo a Sifen suka yi suna da ita. Aibinta shi ne girgiza. Tana motsawa baya da gaba kafin harsashi ya bar bututu, don haka sai an riƙe ta sako-sako, kuma riƙo iri ɗaya kullum, kafin a samu saiti.

Ta biyu ita ce mai famfo a jiki. Ana buga famfon sau da yawa, kamar uku zuwa takwas, kafin kowane harbi. Ba ta girgiza, kuma mai ita ne ke zaɓen ƙarfin da yake so. To amma kafin a gama bugun famfo na harbi na biyu, nama ya shige daji.

Ta uku ita ce mai tulun iska. Ana cika tulun tun daga gida da famfo na musamman ko babbar tukunyar iska, har matsin ya kai wajen ba 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. Cikawa ɗaya takan ba da harbi gommai. Ita ce ta fi sauƙin saiti domin kusan ba ta motsi, ita ce kuma ta fi tsada. Busasshiyar iska ake sa mata. Sa mata iskar oksijin ta masu walda haɗari ne babba, domin tana iya fashewa.

Ta huɗu ita ce mai gas na kabon, wanda ake sayarwa a ’yan ƙananan gwangwanaye masu giram 12. Ƙarfinta yana hawa da sauka tare da zafi da sanyi, kuma yawanci bai kai na sauran ba. Ta fi dacewa da koyon harbi ko ɓera a kusa. Ba a barin gwangwanin a rana ko cikin mota a rufe.

Girman harsashi

Ana auna harsashi da faɗin ramin bututu. Guda huɗu ne aka fi sani: .177 na inci, wato milimita 4.5; .20, milimita 5; .22, milimita 5.5, da.25, milimita 6.35. Na 4.5 shi ne ake amfani da shi a gasar harbin mita 10 ta Olamfik, wadda ta shiga wasannin a 1984. Gardamar mafarauta kuwa ta fi yawa tsakanin 4.5 da 5.5.

Don mu fahimci gardamar sai mu tuna darasinmu na kimiyya. Ƙarfin abin da ke tafiya shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. A Ingila, tun 1969, bindigar iskar da ƙarfinta ya wuce wajen jul 16 sai da takardar izinin ’yan sanda, saboda haka yawancin masu farauta a can a ƙasa da wannan iyaka suke. Harsashin 4.5 yakan kai nauyin rabin giram da ɗan wani abu, na 5.5 kuwa kusan giram ɗaya. Idan ƙarfin ɗaya ne, na 4.5 zai fita da gudun kusan mita 240 a sakan, na 5.5 kuma kusan mita 180.

Yanzu mu auna tazarar mita 30, mu ajiye tsaikon iska a gefe don sauƙin lissafi. Ƙaramin harsashi zai isa cikin sakan 0.125, babban kuma cikin sakan 0.167. A wannan ɗan lokaci ƙasa tana jan kowannensu. Ƙaramin zai sauka da kusan santimita 8, babban da kusan santimita 14. Ma’ana, mai 4.5 idan ya yi ɗan kuskure wajen ƙiyasta nisa, harsashinsa bai kauce sosai ba. Mai 5.5 kuwa dole ya san tazara da kyau, ya san inda zai ɗaga saiti da inda zai sauke.

To ina amfanin babban? Faɗin fuskarsa ya fi na ƙaramin da kusan rabi, don haka yakan buɗe rami mafi girma, ya sauke ƙarfinsa a jikin dabba. Ƙaramin, saboda siririntarsa da gudunsa, yana iya ratsa nama ya wuce. Wannan ya sa tsofaffin mafarautan Ingila suke cewa ƙarami na tsuntsu ne, babba na mai gashi. Masu harbi da yawa a yau sun ce maganar ba doka ba ce, domin ana kashe zomo da 4.5 lafiya lau idan an same shi a kai.

Na milimita 5 yana tsakiyar biyun, sai dai harsashinsa ba ya samuwa ko’ina. Na 6.35 yakan kai giram ɗaya da rabi ko fiye. A bindiga mai jul 16 tafiyarsa tana lanƙwasa ƙwarai, sai a kusa. Ya fi amfani a manyan bindigogi masu tulun iska, irin waɗanda ake farauta da su a Amurka.

Akwai wani tarko da ya kamata mu sani. Kamfanoni sukan rubuta gudu mai yawa a jikin kwali, wanda sau da yawa da harsashi marar nauyi aka auna shi. Harsashin bindigar iska yana da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, kuma idan gudunsa ya matso gudun sauti, wato wajen mita 340 a sakan, yakan fara tangaɗi, saiti ya ɓaci. Ashe yawan gudu ba shi ne kyawun bindiga ba.

Wacce za a zaɓa?

Ga mai farawa wanda ba shi da kuɗi da yawa, mai sifirin ta wadatar, in zai yi haƙurin koyonta. Ga wanda abin harbinsa tsuntsu ne, kuma nisan yana canzawa, 4.5 ya fi sauƙi. Ga zomo, kurege ko gafiya a tazarar mita 20 zuwa 25, 5.5 ya yi daidai. Barewa, gada da sauran manyan dabbobi sun fi ƙarfin irin waɗannan bindigogi, harbinsu azabtarwa ce kawai.

Abin da ya fi girman harsashi muhimmanci shi ne inda ya sauka. Wurin da ke kashe zomo nan take, tsakanin ido da gindin kunne, bai wuce faɗin marfin kwalbar lemo ba. Saboda haka ga gwajin da za mu iya yi wa kowane mai harbi: a zana da’ira mai wannan faɗi a takarda, ya harba sau goma. Nisan da yake iya sa dukan goman a ciki, nan ne iyakar farautarsa, ko da mita 15 ne. Yawancin masu jul 16 ba sa wuce mita 30 zuwa 35. Wanda ya wuce iyakarsa yakan karya wa dabba ƙafa ko muƙamuƙi, ta shige rami ta mutu bayan kwanaki, shi bai ci ba, ita ba ta tsira ba.

Doka da hattara

A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin ’yan sanda. Ba kayan wasan yara ba ce, ba ta kuma da wurin zama a makaranta. Ba a farauta a gandun daji da aka keɓe kamar Yankari, ba a kuma shiga gonar wani sai da izininsa.

Harsashinta yana fasa ido, yana kuma iya kashe mutum. Idan aka harba sama yakan yi tafiyar fiye da mita 200, kuma yana tsalle daga dutse ko kan ruwa. Kafin a ja kunama sai a duba abin da ke bayan dabbar: bukka, makiyayi ko mai noma a duƙe. Kada a nuna wa kowa bakin bindiga, ko da ana zaton babu kome a ciki. Mai sifirin ya riƙe bututun da hannu ɗaya yayin sa harsashi, don kada ya koma ya datse masa yatsa. Kada ya harba ta babu harsashi, kada kuma ya zuba mata man inji a ɗakin iska, domin zafin matsi yakan kunna man. Dalma guba ce, saboda haka ba a ajiye harsashi a baki, a wanke hannu bayan harbi, a kuma cire shi daga nama kafin a dafa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duk wanda zai riƙe wannan bindiga wata rana, ya fara da neman izini, sa’an nan ya daɗe yana harbin takarda a gaban babba wanda ya san ta, kafin ya ɗaga ta a kan abu mai rai.