Ƙaramar Motar Dizal: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Rabu da Sabuwar Mota

A ƙasashen Turai, inda ƙananan motoci masu shan dizal suka daɗe da samun karɓuwa, akan ga mutum ya sayi mota sabuwa fil, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma ya fara tunanin musanya ta da ƙarama mai amfani da dizal, wato man da direbobin ƙasar Hausa suka fi sani da gas, domin ya rage abin da yake kashewa a gidan mai. Wannan tunani yana da tushe, sai dai ribarsa ba ta kowa ba ce, domin ta rataya ne a kan nisan tafiyar da mutum yake yi, da irin hanyar da yake bi, da kuma asarar da zai ɗauka idan ya sayar da motar da bai gama cin moriyarta ba.

Tsimin man da aka san dizal da shi ya samo asali ne daga yadda injinsa yake aiki. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg a 1897 ba ya buƙatar fulogi kamar injin fetur, domin fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta ɗau zafi mai tsanani, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Wannan matsi mai ƙarfi, tare da cewa lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙunsar makamashi, shi ya sa motar dizal take cin doguwar tafiya da mai kaɗan. Da yake ƙarancin shan mai yana nufin ƙarancin iskar kabon mai ɗumama yanayi, gwamnatocin Turai sun ƙarfafa wa jama'a gwiwa ta fuskar haraji, kamar yadda Birtaniya ta yi a 2001 da ta ɗora harajin mota a kan yawan kabon da take fitarwa, har ta kai ga a 2015 kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai na dizal ne.

Daga wannan shekara ce tauraron dizal ya fara dusashewa. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa manhajar da take ɓoye ainihin hayaƙin da suke fitarwa a lokacin gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Tun kafin nan, a 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Masana'antu sun ja da baya, inda Toyota ya sanar a 2018 cewa zai daina sayar da motocin shiga masu dizal a Turai, saboda haka mai neman ƙaramar irin wannan mota, kamar Volkswagen Polo ko Renault Clio ko Peugeot 208, galibi kasuwar motocin hannu zai nufa.

Babban abin da masu musanya suke mantawa shi ne faɗuwar daraja, wato raguwar kuɗin mota yayin da take tsufa, wadda ta fi tsanani a shekarun farko. Wanda ya sayar da motar da ba ta wuce shekara biyu ba ya riga ya ɗauki kaso mafi nauyi na wannan asara, ga kuma ribar dillali, ga sauran bashi idan da rance aka saya. Idan aka ƙaddara cewa motar fetur tana shan lita 6 a kowace kilomita 100, ta dizal kuma lita 4.5, to mai tafiyar kilomita 10,000 a shekara lita 150 kawai zai rage, yayin da mai tafiyar kilomita 30,000 zai rage lita 450. Na farkon zai daɗe bai mayar da abin da ya yi asara ba, na biyun ne lissafin yake iya yi wa daidai.

Irin hanyar da ake bi ita ma tana da nata hukunci. Tun daga 2009, lokacin da matakin ƙa'idar hayaƙi na Euro 5 ya fara aiki, ana ɗaura wa motocin dizal wata matata a jikin salansa da ake kira DPF, wadda take tare kunkunniya, wato baƙin ƙurar da ke cikin hayaƙi. Matatar ba ta wanke kanta sai ta ƙone abin da ta tara a zafin da ya kai kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, wannan kuwa yana buƙatar tafiya mai ɗan tsawo ba tare da yawan tsayawa ba. Motar da aikinta bai wuce kai yara makaranta da ratsa cunkoson gari ba takan toshe matatarta, kuɗin gyaran kuma yakan cinye duk abin da aka tara na tsimi, a zo garin neman ƙiba a samo rama. Bugu da ƙari, da yawa daga motocin Euro 6 suna shan wani ruwa mai suna AdBlue, wanda yake rage gurɓatacciyar iskar naitirojin, kuma idan ya ƙare injin ba ya sake tashi sai an zuba wani.

Dole ne kuma mai saye ya duba matakin ƙa'idar da motar ta cika, domin birane suna ƙara tsaurara doka. A Landan, motar dizal da ba ta kai Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ta hau titi cikin yankin taƙaita hayaƙi, wanda aka buɗe a 2019 aka kuma faɗaɗa shi zuwa dukkan gundumomin birnin a 2023. Bayan wannan sai mai saye ya duba takardun tarihin gyara, waɗanda suke nuna ko an riƙa canza baƙin mai a kan lokaci da irin wanda ya dace da matatar.

Darasin ya shafi masu saye a Najeriya da Nijar, tunda motocin hannu da yawa daga Turai suke shigowa ta tashoshin Kwatano da Legas. An ƙera waɗannan injuna ne domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali ma'aunin da ƙungiyar ECOWAS ta amince da shi a 2020 shi ne kashi 50, kuma gurɓataccen mai yana saurin lalata nozil da matata. A Najeriya an daɗe da janye tallafi daga gas, ba kowane bakanike ba ne kuma yake da na'urar duba irin wannan inji.

Saboda haka ƙaramar motar dizal ta dace ne da mai doguwar tafiya a kan babbar hanya, wanda yake samun mai mai tsabta kuma yake da niyyar riƙe ta shekaru masu yawa. Wanda kuwa zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, kuma motarsa sabuwa ce mai lafiya, abin da ya fi masa alheri shi ne ya riƙe abarsa.