Shekarar da Mabuɗi Ya Rikita Lissafin Ƙasa

A watan Yulin 1979, shekara tara da ƙarewar yaƙin basasa, 'yan Najeriya suka fita zaɓen majalisun tarayya. Jam'iyyu biyar kacal hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista, kuma doka ba ta yarda da ɗan takarar indifenda ba. Duk mai son kujera, dole ya raɓu da jam'iyya.

A Kano, mabuɗi ne ya cika gari, alamar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Masaƙun Bompai da majemunta da kamfanonin matse gyaɗa, da sababbin masana'antun da ke tasowa daga Sharaɗa zuwa wajen Challawa, cike suke da 'ya'yan talakawa. Da yawansu daga ƙauye suka zo, sun san zafin haraji da jangali, sun kuma taso suna jin labarin ɗaurin da 'yan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, suka sha a hannun en'e. Idan 'yan jam'iyyar NPN suka ce "Aminci", sai a mayar musu da "Nasara".

Ranar 7 ga Yuli aka yi zaɓen majalisar dattawa, PRP ta kwashe kujeru biyar na jihar Kano kaf, har da ta Sabo Bakin Zuwo. Bayan mako guda aka yi na majalisar wakilai, ta ɗauki 39 cikin 46. Ba na jin masu dangwala yatsa sun tsaya tantance 'yan takara ɗaya bayan ɗaya. In dai Malam ya ɗaga hannun mutum, magana ta ƙare. Sai dai ƙarfin bai wuce Kano da Kaduna ba: kujeru 49 PRP ta tashi da su cikin 449, NPN kuwa 168.

Abin al'ajabin sai ranar 11 ga Agusta, a zaɓen shugaban ƙasa. Dokar zaɓe ta ce sai ɗan takara ya samu kwatan ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu a jihohi 12. Ta sha ukun, Kano ce, kuma nan ya cije: ƙuri'u 243,423 cikin 1,220,763, bai ma cika kashi 20 cikin ɗari ba.

Nan lauyan NPN Richard Akinjide ya fito da lissafinsa. Ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da sulusi biyu. Wato a tsaga Kano uku, a ajiye kashi ɗaya, a nemi kwatan sauran. Da wannan awo, abin da ake bukata bai wuce 203,461 ba, Shagari ya haye. Abokin takararsa Awolowo ya garzaya kotu. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen, Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ce a soke.

Leburorin Bompai ba su samu shugaban da suka zaɓa ba, amma sun samu Abubakar Rimi na PRP a gidan gwamnatin Kano. Ya soke haraji da jangali, kuma a 1980 ya ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, shekara guda kafin gwamnatin Shagari ta bi sahu. Kafin a sake zagayowa zaɓe, mabuɗin ya tsage biyu, 'yan Santsi na bayan Rimi, 'yan Taɓo na bayan Malam.