Muhimmancin "Ciki" A Harshen Japanawa

Duk wanda aikin gwamnati ko neman ilmi ya haɗa shi da mutanen Japan, lalle ne ya san kalmar "hara", watau ciki. A wurin Japanawa ciki shi ne mazaunin niyyar mutum da ainihin halinsa, saboda haka maganganunsu da yawa sun rataya ne a kansa.

Alal misali, idan mutum ya fusata sai su ce "hara ga tatsu", watau cikinsa ya miƙe tsaye. Idan ya ƙudura niyya wadda babu ja da baya a cikinta, sai su ce "hara o kimeru", ya tsai da cikinsa. Akwai kuma "haraguroi", wadda fassararta kai tsaye ita ce baƙin ciki. A nan ɗalibi ya yi hattara, domin Bahaushe kan ce baƙin ciki yana nufin damuwa ko hassada, amma Bajapane yana nufin makirin mutum ne, mai murmushi a fuska da mugunta a ɓoye.

Wadda ta fi shafar ma'aikata ita ce "hara o watte hanasu", watau a tsaga ciki a yi magana. Abin nufi shi ne a ajiye kunya da kara, kowa ya fito da abin da ke ransa. Ba a cika yin haka a zauren taro ba, sai an tashi aiki an zauna cin abinci tare. Kishiyarta kuwa ita ce "haragei", hikimar isar da nufi ta hanyar shiru da ishara, wadda ta yi kusa da abin da Bahaushe ke kira zurfin ciki.

Tarihi ya nuna haɗarin da ke tattare da wannan hali. Ranar 26 ga Yuli, 1945, Amurka da Ingila da Sin suka fitar da sanarwar Potsdam, suna neman Japan ta miƙa wuya. Bayan kwana 2 Firayim Minista Suzuki Kantaro ya amsa wa 'yan jarida da kalmar "mokusatsu", watau kashe magana da shiru. Waɗansu masana tarihi sun ce "haragei" yake yi, yana neman sulhu a ɓoye saboda tsoron hafsoshin soja masu son a ci gaba da yaƙi. Abokan gaba kuwa suka ɗauka ƙi ne ƙarara. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bom ɗin atom a Hiroshima, ranar 9 ga wata kuma a Nagasaki.

Saboda haka jami'in da ya zauna shawara da Japanawa kada ya ɗauki shirunsu ko gyaɗa kansu a matsayin amincewa. Ya yi haƙuri ya nemi amincinsu tukuna, har zuwa ranar da za su yarda su tsaga masa ciki.