Ko Kun Sani? Wasan da Aka Yi wa Rowar Haruffa

Shahararren wasan nan na Japan, Dragon Quest, da ya fito a 1986, haruffan katakana 20 kacal aka zuba masa, alhali Japanawa na da 46 na asali. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo ba ta zuwa da haruffan kanta, don haka sai mai haɗa wasa ya zana kowane harafi da hannu, ɗigo bayan ɗigo, cikin ɗan murabba'i mai ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. Kowane murabba'i yana cin bayit 16. Ga shi teburin zanen fage murabba'i 256 kawai yake ɗauka, kuma a nan haruffa ke cunkuso da zanen bango, ciyawa da ruwa. Wasan gaba ɗayansa kilobayit 64 ne, bai kai hoto guda na wayar yau ba.

Sai mai tsara wasan, Yuji Horii, da abokan aikinsa suka zaɓi haruffan da aka fi amfani da su, suka ƙera sunayen dodanni da na tsafi daga cikinsu. Inda harafin hiragana, wani tsarin rubutun Japanawa, ya yi kama da na katakana, kamar "he" da "ri", zane ɗaya ya yi aikin biyu.