GWAMNAN DA YA KAI KUJERA KASUWA

 Ga labarin wani gwamna na ƙasar Amurka wanda aka damƙa wa amana, ya ɗauke ta ya kai kasuwa yana neman mai saye. Labari ne da ya cancanci a karanta a zaure, domin ya shafi tambayar da mutane su kan yi kullum, watau shin shari'a tana iya hawa kan mai mulki? In kuwa ta hau, a ina ta ke tsayawa?

Ƙasar Amurka jihohi 50 ce, kowace da gwamnanta da majalisarta. Daga cikinsu akwai jihar Ilinoi, wadda babban birnin cinikinta shi ne Shikago, a bakin tafkin Mishigan. A nan aka haifi Rod Blagojevich cikin 1956. Da ya ke sunan yana da nauyi a baki, mutanen garin su kan gajarta shi su ce Blago. Ubansa baƙo ne daga ƙasar Sabiya, ma'aikaci a masana'antar ƙarfe. Yaron ya yi karatun lauya, ya auri 'yar wani ƙusa na siyasar Shikago, ya shiga majalisar jiha, daga nan ya wuce Majalisar Wakilai ta ƙasa. Cikin 2002 ya ci zaɓen gwamna a jam'iyyar Dimokurat, aka kuma sake zaɓensa cikin 2006.

Abin da ya hau da shi kuwa alkawarin tsarkake gwamnati ne. Gwamnan da ya gada, George Ryan, ya bar gadon sarauta cikin abin kunya. Tun Ryan yana riƙe da ofishin da ke ba da lasin tuƙi, ma'aikatansa su kan sayar da lasin manyan motoci ga waɗanda ba su cancanta ba, wani abu daga kuɗin yana faɗawa asusun neman zaɓensa. Cikin 1994 wani ƙarfe ya faɗo daga motar wani direba da ya sami lasin ta wannan hanya, ya huda tankin man wata mota da ke bayansa, 'ya'ya 6 na gida ɗaya suka ƙone. Cikin 2006 aka yanke wa Ryan ɗaurin shekara 6 da rabi. Blago ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta da idonsa, amma bai shafa wa nasa ruwa ba.

YADDA KUJERAR TA FAƊO HANNUNSA

Majalisar Dattawan Amurka tana da kujera 100, kowace jiha biyu. Ɗaya daga kujerun Ilinoi Barack Obama ke kanta. Ran 4 ga Nuwamba 2008 aka zaɓi Obama Shugaban Ƙasa, kujerarsa ta zama ba kowa. Dokar jihar kuwa ta ce in haka ta faru, gwamna shi kaɗai zai naɗa wanda zai riƙe ta kafin a yi zaɓe. Watau mutum ɗaya aka ba wuƙa da nama a kan muƙamin da manyan mutane ke ɓatar da dukiya da shekaru wajen nemansa.

Abin da gwamna bai sani ba shi ne 'yan sandan ciki na gwamnatin tarayya, waɗanda a ke kira FBI, sun daɗe suna bin sawunsa. Cikin Yuni na wannan shekara aka kama mai tara masa kuɗin zaɓe, Tony Rezko, da laifin zamba a gaban alƙali. Cikin Oktoba suka sami izinin alƙali, suka ɗana na'urar ɗaukar magana a ofishin neman zaɓensa da kan wayar tarho ta gidansa. Saboda haka duk shawarar da ya yi da yaransa a kan kujerar, tana shiga kunnen hukuma.

Maganar da aka ji kuwa maganar mai kaya ce da dillalansa. An ji shi yana cewa, cikin ashar da ba ta rubutuwa, abin da ke hannunsa zinariya ne, ba kuwa zai bayar da shi a banza ba. Wani lokaci ya yi ta lissafin a ba shi ministan lafiya a sabuwar gwamnati in ya naɗa wanda Obama ke so. Wani lokaci ya ce ko jakada, ko wani aiki mai albashi mai tsoka a wata ƙungiya, ko a samar wa matarsa muƙami a kamfanoni. Har aka zo ga batun dala miliyan ɗaya da rabi da magoya bayan wani ɗan majalisa su ka yi tayin tarawa asusunsa in ya naɗa mutuminsu. Shi Obama ba a tuhume shi da komai ba cikin wannan al'amari.

Ba kujerar kaɗai ya sa a faifai ba. Akwai asibitin yara a Shikago da jiha ta yi niyyar ƙara wa likitocinsa kuɗin da ya kai dala miliyan 8. Gwamna ya so shugaban asibitin ya tara masa dala 50,000 na zaɓe, da ya ga shiru sai ya fara tambaya ko za a iya dakatar da kuɗin. Akwai kuma wata doka da ta shafi filayen sukuwar dawaki, wadda ya ja ƙafa wajen sa wa hannu yana jiran dala 100,000 daga wani mai filin. Baki shi ke yanka wuya.

Ran 9 ga Disamba 2008, da asuba, 'yan sanda su ka ƙwanƙwasa ƙofar gidansa, su ka fito da shi da ankwa a hannu, yana gwamna mai ci. Babban lauyan gwamnatin tarayya na Shikago, Patrick Fitzgerald, ya bayyana cewa an gaggauta kamun ne don a tsayar da ɓarnar kafin ciniki ya faɗa. A ranar aka ba da belinsa, kashegari ya koma ofis.

SHARI'A TA FARKO: MAJALISA

A nan ya kamata mai karatu ya lura, domin shari'a biyu aka yi wa wannan mutum, kowace da hurumin ta. Ta majalisa tana duban ko ya cancanci ci gaba da riƙon jama'a. Ta alƙali tana duban ko ya aikata laifin da doka ta ambata da sunansa.

Manya da ƙanana su ka ce ya sauka, ya ƙi. Ran 30 ga Disamba ma sai ya naɗa wani dattijo, Roland Burris, a kan kujerar da a ke rigima a kanta. Dattawan Washinton su ka fara cewa ba za su karɓe shi ba, amma da aka duba doka aka ga gwamna yana nan gwamna har ran da aka tuɓe shi, dole aka rantsar da Burris. Wannan ya nuna wa majalisar jiha cewa jinkiri ba nata ba ne. Ran 9 ga Janairu 2009 Majalisar Wakilan jiha ta tuhume shi, mutum 114 su ka yarda, mutum 1 ya ƙi. Aka kai magana Majalisar Dattawan jiha, Babban Jojin jiha ya zauna bisa shugabancin zaman. Gwamna ya ƙaurace wa zaman, ya tafi yawon gidajen talabijin yana cewa an zalunce shi. Sai a rana ta ƙarshe ya zo ya yi dogon jawabi, ba tare da rantsuwa ba, ba kuma wanda ya sami damar yi masa tambaya. Ran 29 ga Janairu dattawa 59 su ka jefa ƙuri'a, duka 59 su ka ce a tuɓe shi, har da 'yan jam'iyyarsa. Su ka sake jefa wata, su ka haramta masa riƙe muƙamin jihar har abada. Mataimakinsa, Pat Quinn, ya hau. Daga kamu zuwa tuɓewa kwana 51 ne.

SHARI'A TA BIYU: GABAN ALƘALI

Al'adar shari'ar Amurka ita ce a zaɓo mutum 12 daga cikin talakawan gari su saurari shaidu, su ne za su ce an yi laifi ko ba a yi ba, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Alƙali shi ke yanke yawan ɗauri. Cikin 2010 aka gurfanar da Blago da tuhuma 24. Hujjar lauyoyinsa ita ce ko kwabo bai shiga aljihunsa ba, surutu ne kawai irin na 'yan siyasa. Hujjar ta yi tasiri, domin a kan tuhuma 23 bakin mutanen nan bai haɗu ba. Ɗaya kaɗai su ka tabbatar, watau ya yi wa 'yan sandan ciki ƙarya.

Gwamnati ba ta haƙura ba. Ta rage tuhuma zuwa 20, ta sauƙaƙa bayani, aka sake shari'a cikin 2011 da sababbin mutum 12. Wannan karo Blago ya shiga akwatin shaida da kansa. Tambayar farko da lauyan gwamnati ya yi masa ita ce, ashe ba shi ne aka riga aka tabbatar wa laifin ƙarya ba? Ya amsa da i. Shugaban ma'aikatansa, John Harris, wanda aka kama su rana ɗaya, ya riga ya amsa laifinsa, ya tsaya shaida a kan maigidansa. Ran 27 ga Yuni aka same shi da laifi 17. Doka ba ta jira sai kuɗi ya shiga hannu, neman toshiyar baki a kan aikin hukuma shi kansa laifi ne cikakke. Kowane ɗan kasuwa ya san haka: yaron da aka bar wa tsaron rumfa, in aka same shi yana tallar kayan ajiyar wani, ya ci amana tun kafin mai saye ya taya.

Ran 7 ga Disamba 2011 Alƙali James Zagel ya yanke masa shekara 14. Ya ce ba da awon kuɗi a ke auna wannan ɓarna ba, abin da aka ɓata shi ne yardar da jama'a ke yi wa hukuma. Ya kwatanta jihar da tufa, ya ce in gwamna ne ya lalace, tufar ta yage, ɗinkinta kuwa ba shi da sauƙi. Cikin Maris 2012 Blago ya shiga kurkuku a jihar Kolorado. Shi ne gwamnan Ilinoi na huɗu da ya sha ɗauri, bayan Otto Kerner, da Dan Walker, da George Ryan.

Da aka ɗaukaka ƙara, alƙalai su ka yi wani rarrabewa da masu ilimi za su so su yi nazari. Cikin 2015 su ka soke laifi 5, su ka ce ɗan siyasa ya ce wa ɗan'uwansa in ka naɗa ni nan, na naɗa naka can, musayar muƙami da muƙami ce, tsohuwar al'adar siyasa, dokar laifi ba ta kama ta ba. Amma a musanya muƙami da kuɗi ko da wata riba ta aljihu, wannan rashawa ce. Sauran laifuffukan su ka tabbata, cikin 2016 Alƙali Zagel ya sake yanke masa shekara 14 ɗin nan ba ragi. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsa har sau biyu.

ƘOFAR AFUWA

Sai dai tsarin mulkin Amurka ya ba Shugaban Ƙasa ikon yafe laifin da ya shafi dokar tarayya. Cikin 2010, kafin shari'a, Blago ya taɓa fitowa a wani wasan talabijin na Donald Trump. Da Trump ya zama Shugaba, matar Blago ta yi ta roƙo a talabijin. Ran 18 ga Fabrairu 2020 Trump ya yanke sauran ɗaurin, ya ce hukuncin ya yi tsanani, Blago ya koma gida bayan kusan shekara 8. 'Yan majalisar Ilinoi na jam'iyyar Trump kansu sun roƙe shi kada ya yi haka. Ran 10 ga Fabrairu 2025 kuma ya yi masa afuwa cikakkiya.

Duk da haka akwai abin da afuwar ba ta kai gare shi ba. Cikin 2020 Kotun Ƙolin jiha ta karɓe masa izinin aikin lauya. Haramcin da dattawan jiha su ka ɗora masa kuwa hukuncin majalisar jiha ne, ikon Shugaban Ƙasa bai shafe shi ba. Ya kai ƙara a ɗage masa, cikin 2024 alƙalin tarayya ya kori ƙarar.

Mutanen Nijeriya suna da abin dubawa a nan, domin daga Amurka aka kwaikwayo tsarin shugaba da gwamnoni tun 1979. Amma sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kama gwamna mai ci ko a kai shi gaban alƙali sai ya sauka. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, cikin 2007 aka fara shari'arsu bayan sun sauka, ba a yanke ba sai 2018, kowannensu shekara 14, daidai da na Blago, kafin a rage musu a ɗaukaka ƙara. Cikin 2022 aka yi musu afuwa a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Abin da Shikago ta gama cikin shekara 3, ya ci shekara 11 a Abuja, amma ƙofar fita iri ɗaya ce.

To, jama'a, masu cewa shari'a ba ta hawa kan manya, ga gwamna da ankwa, ga shekara 8 a ɗaki ɗaya. Masu cewa ta hau ta gama, ga sa hannun mutum ɗaya ya buɗe abin da shari'a biyu da ɗaukaka ƙara su ka kulle. Hukuncin da ya fi sauri, wanda kuma ya daɗe bai motsa ba, shi ne na wakilan jama'a 59 da su ka ajiye jam'iyya a ƙofa. Saboda haka mai jefa ƙuri'a ya duba wanda ya ke aikawa majalisar jiha kamar yadda ya ke duban wanda zai bar wa mabuɗin rumfarsa, domin ran da gwamna ya kai amana kasuwa, su ne masu ikon karɓe ta daga hannunsa.

Allah shi kyauta. Tamat.